Yadda ake buɗe gidan biki ko wurin shaƙatawa a Maradi bisa doka, har da batun lasisin giya

Tambayar nan ta daɗe tana zuwa mini, kowa da fuskar da yake ɓullo mata. Wani yana da fili a Ali Ɗan Sofo, yana so ya mai da shi zauren biki. Wani ya dawo daga Kwatano ko Abijan, ya ga yadda wuraren shan iska ke ci a can, yana so ya gwada a gida. Wata hajiya tana da gidan abinci, tana so ta ƙara kiɗa daren Asabar. Akwai kuma maƙwabta, waɗanda aka buɗe wa irin wannan wuri a jikin katanga, suna son su san abin da doka ta ɗora wa mai shi.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, shanta da sayar da ita haramun ne, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da malamai suka faɗa. Dokar Nijar kuwa ba ta hana sayar da ita ba, sai dai ta ɗaure ta da izini na musamman da sharuɗɗa masu nauyi. Ga matakan a jere. Jerin shi ne muhimmi, don akasarin waɗanda suka yi asara a wannan harka ba rashin jari ya kayar da su ba, gini suka fara yi kafin su nemi izini.

1. Tsai da irin gidan da za ka buɗe

Ɗauki takarda ka rubuta a layi ɗaya abin da za a riƙa yi a wurin: hayar zaure don aure da suna da taro, ko abinci da lemo kawai, ko kiɗa da wasa, ko ɗakunan kwana, ko giya. Kowane ɗaya da ƙofar da ake bi. Mai ɗakunan kwana dole ya biya ta ofishin kula da yawon buɗe ido na jiha. Mai giya yana buƙatar izinin da ya sha bamban da rajistar kasuwanci.

Gargaɗi: abin da ka rubuta a nan shi zai shiga duk takardunka. In takarda ta ce gidan abinci, aka zo aka tarar da kwalabe a firji, sunanka mai sayar da giya ba da izini ba, ko da katan ɗaya ne.

Shawarata a wannan gaɓa, in zauren biki kake so, bar giya daga lissafinka gaba ɗaya. A Maradi kuɗin zaure a hannun iyayen amare yake, da 'yan kasuwa masu walima, da ƙungiyoyi masu neman wurin taro. Yawancinsu ba za su kai 'ya'yansu da surukansu gidan da aka san ana sha ba.

2. Wuri da maƙwabta

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kafin ka ba da ko dala ta kafin alƙalami, taka da ƙafa ka zagaya wurin ta kowace kusurwa. Duba masallaci, makarantar boko, makarantar allo da ta Islamiyya, asibiti, maƙabarta da barikin soja. In giya ko kiɗan dare na cikin shirinka kuma ɗaya daga cikin waɗannan yana kusa, nemi wani wuri tun yanzu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci da 'Yandaka gidaje ne a manne da juna, lungu-lungu da masallaci, ba wurin wannan sana'a ba ne. Gefen gari da bakin manyan hanyoyi sun fi dacewa, inda akwai sarari tsakaninka da ɗakin barcin mutane.

Je ka ga wurin sau biyu, da rana da kuma bayan sallar isha'i. Da dare ne za ka san ko akwai haske a titi, ko mota za ta iya juyawa, da inda 'yan kabu-kabu da adaidaita za su tsaya ba tare da sun toshe ƙofar wani ba. Ka tambayi mutanen wurin inda ruwa ke kwanciya da damina.

Daga nan sai gidan mai unguwa. Kada ka aika yaro, kai da kanka za ka je, tare da wani dattijo da aka sani. A gaisa a natse, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, wuri nake so in buɗe a unguwarka, ga abin da za a riƙa yi, ga lokacin da za a riƙa tashi." Faɗi gaskiya duka. In ka ɓoye giya ka ce lemo ne, ranar da ta bayyana ka rasa mutumin da zai tsaya maka. Bayan shi sai limamin unguwa da masu gidajen da ke jikin katangarka, ɗaya bayan ɗaya. Saurari abin da ke damunsu. Sau da yawa abu uku ne: ƙara, fitsari a jikin bango, da samarin da za su riƙa tsayuwa a ƙofa suna tare 'yan mata.

Gargaɗi: kada ka ɗauki wannan a matsayin gaisuwar ban girma kawai. Hukuma na iya tura a ji ta bakin maƙwabta kafin ta sa hannu, kuma ƙorafinsu a rubuce yana iya tsai da dosiye. Manya a garin nan suna tune da watan Nuwamba na 2000, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe aka auka wa mashayu a Maradi. Takardar izini tana kare ka a gaban alƙali, amma zaman lafiyar yau da gobe a hannun unguwa yake.

3. Takardar fili ko ta haya

In wurin naka ne, fito da takardar mallaka ka tabbatar sunanka ke kai. In na gado ne, a kammala rabo ko magada su sa hannu.

In haya ce, kada ka yarda da maganar baki ko da mai gidan kawunka ne. A rubuta yarjejeniyar hayar wurin sana'a, a ambaci sana'ar da sunanta, da tsawon lokaci, da kuɗi, da wanda zai ɗauki nauyin gyara, da makomar ginin da za ka ƙara in ka tashi. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma dokar kasuwanci ta OHADA ta ba ɗan haya haƙƙin a sabunta masa haya in ya yi aƙalla shekara 2 yana gudanar da sana'ar da aka rubuta. Amma in hayar mai wa'adi ce, sai ka nemi sabuntawar aƙalla wata 3 kafin wa'adin ya cika, ta hannun wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardu, ko wata hanya da za ta bar shaidar cewa saƙon ya isa. Wanda ya bari lokacin ya wuce ya zubar da haƙƙinsa.

Dabara mai amfani: a sa sharaɗi cewa in hukuma ta hana izini, yarjejeniya ta warware kuma a mayar maka da kuɗin ajiya.

4. Rajistar kasuwanci da lambar haraji

Wannan mataki ba shi da wuya. Abu biyu kake nema: RCCM, wato rajistar kasuwanci da ake yi a ofishin magatakardan kotu, da NIF, lambar da hukumar haraji ta DGI ke bayarwa. Fara daga ofishin Chambre de Commerce na Maradi, za su ɗora ka a hanya. Riƙe katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar zama a unguwa, hotuna, takardar fili ko haya, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure ka. Baƙo zai haɗa da takardar izinin zama.

Gargaɗi: kaziye daga kotun inda aka haife ka ake karɓo shi, kuma in ya wuce wata 3 ba a amsarsa. Wanda aka haifa a Tasawa ko Dakoro ko Damagaram ya lissafa tafiyar, ya kuma karɓo kofi fiye da ɗaya, don za a sake neman sa a mataki na 6.

In ku biyu ne ko fiye kuka haɗa jari, ku kafa kamfani a rubuce, kowa da kasonsa. Kada a sa komai da sunan mutum ɗaya don ana ganin amana.

5. Gini, gobara da tsabta

Har yanzu kada ka zuba kuɗi mai yawa. Sa mai zanen gini ya fitar da taswira, ka kai meri don izinin gini, ka kuma kai wa 'yan kwana-kwana su duba tun tana kan takarda. Gyaran layi a takarda kyauta ne, fasa bango kuwa kuɗi ne.

Abin da za a duba, kuma abin da ya kamata kai ma ka damu da shi ko ba wanda ya duba: ƙofofin fita aƙalla biyu a ɓangarori daban, masu buɗewa zuwa waje, tukwanen kashe gobara a rataye inda ido ke gani, da kwanan wata mai rai a jikinsu, fitilar da za ta kama da kanta in an ɗauke kuran, tukwanen gas a waje cikin iska, nesa da murhu, janareta da mansa a ɗaki na daban. Wayoyin wuta a ba ƙwararre, don na'urorin sanyaya ɗaki da firji da kayan sauti in suka haɗu a kan siririyar waya, zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya narkar da ita. Ka nemi NIGELEC ta ba ka layin da ya dace da nauyin kayanka. Rubuta lambar 18 ta 'yan kwana-kwana da 17 ta 'yan sanda a bango kusa da mai karɓar kuɗi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙofar baya. An gina ta don a nuna wa masu bincike, bayan wata ɗaya an sa mata kwaɗo saboda yara masu shigowa ba gayyata, an jingine kujerun roba da akwatunan lemo a jikinta har rufi, makulli kuma yana aljihun mai gadi da ya tafi sayen shayi. Ka yi tunanin mata 300 da goyo a cikin zauren nan wuta ta ɗauke hayaƙi ya tashi. Duk daren da akwai taro, a cire kwaɗon, a tsai da mutum a wurin.

Ta fannin tsabta, jami'an kiwon lafiya za su duba makewayi na maza daban na mata daban, da ruwa da sabulu, da ramin da ruwan wanke-wanke ke zuwa, da wurin tara shara, da ɗakin girki. Kada ka saki ruwan datti a titi. Masu taɓa abinci su je asibiti a auna su, ka ajiye takardunsu.

6. Izinin buɗewa da lasisin giya

Hukumar gari ce ke da alhakin kiyaye oda da natsuwa da tsabtar jama'a, saboda haka daga meri za ka fara. Birnin Maradi ya kasu gunduma 3, ka je wadda wurinka yake ciki. Tun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da su, amma ofisoshin suna nan suna aiki. Ka nemi a ba ka jerin takardun da ake buƙata a rubuce, da sunan ofishin da zai sa hannu na ƙarshe, da kuɗin da za a biya a hukumance.

Rubuta takardar neman izini, manna tambur, haɗa da kofin RCCM da NIF da kaziye da takardar wuri da taswira da rahoton 'yan kwana-kwana da na masu tsabta. Yi kofin dosiyen gaba ɗaya ka ajiye a gida. Ranar da ka miƙa, kada ka fito sai an buga maka hatimi da kwanan wata da lamba a kan kofinka. Ka shirya amsa tambayoyin 'yan sanda game da halinka da inda ka samo jari.

Gargaɗi na farko: miƙa dosiye ba izini ba ne. "Ai an ce in fara, takarda na tafe" magana ce da ba ta da ƙafa ranar da aka zo rufewa. Jira takarda mai sa hannu da hatimi.

Gargaɗi na biyu: 'yan kamasho za su tare ka su ce suna da hanya. Duk kuɗin da ka bayar ba resi, ka ɗauka ka zubar, kuma takardar da ta fito ta bayan gida tana iya zama ta jabu.

Gargaɗi na uku: izini na mutum ɗaya ne a wuri ɗaya. Kada ka yi aiki da na wanda ya sayar maka da gida, kada ka ɗauki naka ka buɗe reshe da shi a wata unguwa. In an canza mai shi ko an canza wuri, a koma hukuma.

Wanda ya samu lasisin giya ya san ya ɗauki kaya. Kundin hukunta laifuka na ƙasa ya tanadi hukunci ga mai mashayar da ya ba wanda bai kai shekara 18 ba giya, da wanda ya ci gaba da zuba wa mutumin da ya riga ya bugu a fili. Buguwa a bainar jama'a ita ma laifi ce. Haka kuma mai gidan da ya bar wurinsa ya zama matattarar karuwanci yana iya fuskantar tuhumar kawalci, ko da ba shi ke karɓar kuɗin ba. "Ban sani ba, yarona ne ya sayar" ba za ta fid da kai ba. Wanda ka yi shakkar shekarunsa, a nemi katinsa a ƙofa, in babu ya juya. Wannan shi ne sharaɗin da na fi so a riƙe da gaske, don yaron da aka fara ba kwalba yana ɗan shekara 15 ɗan wani ne a garin nan. Wanda ya sha ya ɗauko makullin babur, a karɓe, a tsai da mai adaidaita ya kai shi gida.

7. Kiɗa, ƙara da lokacin tashi

Sa waƙa a wurin kasuwanci ba kamar saurare a ɗakinka ba ne. Dokar haƙƙin mawallafa ta 2010 ta ba mawaƙa da makaɗa haƙƙi a kan aikinsu, kuma hukumar BNDA ce ke karɓar kuɗin a madadinsu. Ko DJ ne, ko talabijin, ko mawaƙi da kansa a kan dandamali, ka je ka yi yarjejeniya da su ka ajiye resi. Babban wasa da za a sayar da tikiti, ko wanda zai fito har titi, yana buƙatar izini na ranar da kuma sanar da komisariya tun da wuri.

Lokacin rufewa hukuma ce ke tsai da shi, kuma tana iya matse shi saboda tsaro. Nemi a rubuta maka, ka manna a bango, ka sa shi a cikin takardar da masu hayar zaure ke sa wa hannu, don dangin ango ne za su fara cewa a ƙara musu awa ɗaya.

Kafin ranar buɗewa yi wannan gwaji. Da ƙarfe 11 na dare a kunna kayan sauti yadda za a kunna su ranar biki, kai kuma ka roƙi maƙwabcin da ya fi kusa ya bar ka ka tsaya a tsakar gidansa. Ka kira yaronka a waya ya riƙa ragewa har sai kun iya magana da mai gidan ba tare da ɗaga murya ba. Inda maɓallin ya tsaya, a sa masa alama da jan fenti. Lasifikoki su fuskanci cikin zaure, kada su kalli gidajen mutane. Da an kira salla a kashe. Da azumi kuwa, tsara aikinka da sanin garin da kake ciki.

Taba ma da dokarta tun 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Manna alamar hani a cikin zaure.

8. Ma'aikata

Dokar ƙwadago ta 2012 ta shafe ka ko mutum biyu ka ɗauka. Yi wa gidan rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ka sanar da ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka rubuta wa kowa kwantaragi. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 sefa 42,000 ne, wato jika 42. A kan albashi, mai gida yana zuba wa CNSS kashi 16.4 cikin 100, ana cire wa ma'aikaci kashi 5.25. A kan jika 42 ke nan kai za ka ƙara sefa 6,888, shi kuma a cire masa 2,205. Sa wannan a lissafi tun farko.

Gargaɗi: kada ka sa wanda bai kai 18 ba aikin dare, kada ka sa shi kusa da giya ko da wanke kofuna ne. Almajirai da 'yan mata masu talla ma kada a bari su shigo. Ma'aikata mata kuwa, ka tanadi yadda za su koma gida lafiya in an tashi, kuma duk baƙon da ya taɓa su a fitar da shi nan take.

9. Kaya, haraji da lissafin kuɗi

Sayi abin sha daga dilan da ke da rajista, kowane kaya da faktir ɗinsa. Iyaka na kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma za a kawo maka kaya masu arha ta ɓarauniyar hanya. In duwan suka tarar da su ba takarda, za su kwashe su kuma ci ka tara. Abin da aka ɗura a gida cikin tsohuwar kwalba kuwa yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi.

Wajen haraji, ƙaramin wuri da babba ba tsari ɗaya suke bi ba. Je ofishin haraji da kiyasin cinikinka na gaskiya su gaya maka rukuninka da ranakun biya. Waɗanda ke cikin tsarin TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashi, suna ƙara kashi 19 cikin 100. Akwai kuma kuɗaɗen da meri ke karɓa, kamar na allon talla da na amfani da bakin titi in ka fito da kujeru waje.

Da kake kasafi, ware kuɗin tambur da kofi da rajista, na mai zane da izinin gini, na tukwanen gobara da sake cika su, na BNDA, na inshorar gobara da ta raunin baƙi, da kuɗin haya na watannin da za ka yi kana jiran sa hannu ba ciniki. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi mantawa.

10. Bayan an buɗe

Sayi jaka ɗaya mai ƙarfi, ka zuba kofin kowace takarda a ciki, ta zauna a wurin aiki, na asali kuma a gida. Rataya kofin izini a bango. Rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a kalanda, ka fara neman sabuntawa wata 2 kafin lokaci. Littattafan ciniki da faktir dokar OHADA ta ce a ajiye su shekara 10.

In masu bincike suka zo, a tarbe su da mutunci, a nemi ganin katin aikinsu, a ba su jakar. In sun ce akwai tara, a nemi takarda, a je a biya a ofis, a karɓo resi. Koya wa wanda ke riƙe maka wuri wannan, don galibi ba ka nan za su zo.

In maƙwabci ya kawo kuka, je gidansa a ranar, kafin maganar ta kai komisariya. Shi ma maƙwabcin da aka dama yana da hanya: ya fara da mai wurin, sannan mai unguwa, sannan ƙorafi a rubuce zuwa meri da sa hannun sauran maƙwabta, da ranaku da lokutan da abin ya faru. In kuma an kai ga rufe maka gida, kada ka ɓalle hatimin da aka sa a ƙofa, yin haka laifi ne na daban. Nemi kofin takardar rufewar, ka karanta dalilin da aka rubuta, ka gyara abin da aka ambata, sannan ka rubuta wa hukumar da ta sa hannu kana neman a sake dubawa. In ba a saurare ka ba, ɗauki jakarka ka je wurin lauya tun wa'adin ƙara bai wuce ba.